Zamana a Ƙasar da Ba a Ƙwanƙwasa Ƙofa

Tun da na dawo daga Norway mutanen majalisarmu ta unguwar Fezzan ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Dokta, da gaske ne rana ba ta fitowa a can?" Wancan ya ce, "Wai an ba ka aikin dindindin ka ƙi. Lafiyarka ƙalau kuwa?" Malam Kyari, abokin aikina a jami'a, shi har fushi yake yi da ni, don shi ido rufe yake neman hanyar fita, ni kuma an buɗe mini na juyo. Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, kuma akwai abin da ba ya faɗuwa a gaban butar shayi ana ta shewa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takarda in ci gaba da kurɓar shayina.

Bari in fara da aikin, don ko a gidanmu ba a gama gane shi ba. Tattalin arziki na karanta, kuma tun ina digiri na uku nake kan kasuwar makamashi: fetur, kananzir, wutar lantarki, har itacen girki. Abin da nake yi shi ne gina kasuwa da lissafi. Ka zauna ka rubuta yadda masu saye ke yi in abu ya yi tsada, da yadda masu sayarwa ke yi in ya faɗi, ka zuba duka a kwamfuta, sannan ka tambaye ta: in aka ƙara wa fetur kuɗi, me zai sami kananzir, me zai sami itace? Mahaifina, Alhaji Jidda, dillali ne a Kasuwar Shanu. Ranar da na yi masa wannan bayani ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato dai dillanci kake yi, amma babu saniya." Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi.

Na taɓa rubuta wata takarda a kan man da ke tsallaka iyaka zuwa Kamaru da Chadi da Nijar saboda ya fi araha a wajenmu. Wani farfesa a wata cibiyar bincike a Norway ya karanta, ya aiko mini: in zo in yi lokacin sanyi tare da su, in aka ga jininmu ya haɗu a ba ni kujera ta dindindin, in ɗauko iyalina. Kun san yadda jami'a take a lokacin. Albashi ba ya ganin ƙarshen wata, mujallu sun daina zuwa laburare, kwamfuta guda ce tal, kuma kana tsakiyar lissafi a ɗauke wuta ka koma farko. Don haka tafiyar ta gwaji ce. Matata Falmata da yaranmu biyu maganata kawai suke jira: ko mu tattara mu koma can gaba ɗaya, ko mu ci gaba da zama a nan.

Da na je sallamar Baba, yana zaune a zaure da tarin nan nasa da ya ƙi tafiya. Na ce ko in ɗaga tafiyar. Ya harare ni. "Tari ne zai hana ka neman abinci? Je ka gano mana. In wurin zama ne ka zauna, in ba wurin zama ba ne ai ka san hanya."

Fijo na shiga zuwa Kano, mu tara har da direba, jakata a kan cinya. Ba mu kai Potiskum ba mai ya ƙare. Gidajen mai duk a rufe, sai muka sauka muna tura mota, ni da babbar rigata da takalmin da na saya don Turai. Wani ɗan kasuwar wake da ke turawa kusa da ni ya tambayi sana'ata, ni kuma da rashin wayo na faɗa masa gaskiya. Ai kuwa ya saki mota ya kira sauran fasinjoji. "Jama'a, ga masanin fetur muna tafe da shi! To Dokta, lissafa mana inda man ya shiga." Na ce, "Kamaru." Aka kwashe da dariya, har direban da ke ta masifa. A ƙarshe wurin 'yan bumburutu muka sayi galan, kuma har muka isa Kano sunana Dokta Kamaru. Ban san cewa dariyar ƙarshe ke nan da zan yi cikin taro ba sai bayan wata da watanni.

Daga Kano jirgi ya kai ni Amsterdam, wani ya ɗauke ni zuwa Oslo. A nan na ga irin tasu iyakar. Falmata ta cika mini jaka da kilishi, da banda, da kuka, da daddawa, da kwalbar turaren wuta haɗin hannunta. Ma'aikaciyar kwastan ta buɗe, ta ɗauke kilishi ta ce nama ba ya shiga. Ta buɗe ƙullin daddawa ta ja da baya taku biyu. Kuka kuwa, da ta ga koren gari a leda, sai ta kira wani mai kare. Karen ya shinshina ya yi atishawa ya kau da kai, aka mayar mini. Da ta buɗe turaren ne fuskarta ta saki, ta lumshe ido ta sake shinshinawa. A iyakar Gamboru ma'aikaci zai tambaye ka gida da iyali da gajiya, sannan ya nemi na goro. Wannan ba ta nemi komai ba, amma ko yaya hanya ba ta ce mini ba.

Wanda ya zo tarbata shi ne Lars, wanda za mu zauna ofis ɗaya. Dogo ne, siriri, mai gemu ja. Ya ba ni hannu ya ce barka da zuwa, ya ɗauki jakata, muka shiga mota. Cibiyar tana wani ƙaramin gari a bakin teku, da 'yar tafiya daga Oslo, kuma bawan Allahn nan bai ƙara cewa uffan ba. Shirun ya dame ni, sai na fara gaishe shi yadda aka koya mini: ya iyali, ya yara, ya tsofaffi, ya sanyi. Ya riƙa amsa kowace tambaya dalla-dalla kamar yana gaban likita, har da ciwon gwiwar mahaifiyarsa. Can ya juyo ya ce, "Me ya sa kake son sanin duk wannan?" Wa ya taɓa tambayarka dalilin gaisuwa?

Masaukina ɗaki ne da falo a hawa na biyu na wani bene. Tsaf-tsaf, da ɗumi, famfo na ba da ruwan zafi, wuta ba ta ko ƙiftawa. Na yi makonni ina ajiye kyandir da ashana kusa da gado ina jiran a ɗauke, har na ji kunyar kaina. Rana kuwa, tunda kun nace: tana fitowa, amma a makare, ta ɗan raɓa gefen sama ta koma. Azahar da la'asar da magariba sai su zo a jere, kana naɗe darduma lokacin wata ya yi. Maƙwabta ina jin takunsu, ba na ganinsu. In kun haɗu a matakala sai mutum ya ɗan sunkuyar da kai ya manne da bango ya wuce.

Sau ɗaya suka taru a ƙofata, shi ma turaren Falmata ne sanadi. Wata Asabar kewar gida ta kama ni, na rasa garwashi, sai na barbaɗa turaren a kan murhun lantarki. Ɗaki ya ɗauki ƙamshi, na lumshe ido ina jin kamar a Fezzan nake. Sai wani ɗan farin abu da ke manne a silin ya fasa ihu. Tirƙashi! Ashe na'urar jin hayaƙi ce. Kafin in gano yadda ake kashe ta gidan duk ya fito, wani tsoho har da tukunyar kashe gobara. Na yi ta ba da haƙuri, amma wallahi a raina murna nake yi, na ce yau dai na yi baƙi. Na ce su shigo su sha shayi. Suka tabbatar babu wuta, suka ce ƙamshin da daɗi, kowa ya koma ɗakinsa ya rufe.

Abinci kuwa sai haƙuri. Da rana kowa ya fito da yankan burodi da ya naɗo a takarda daga gida, da wani cuku mai ruwan ƙasa mai zaƙi, ko kifi mai sanyi. Farfesa da masinja abu ɗaya suke ci, teburi ɗaya, wannan ya burge ni. Amma kowa nasa yake ci. Ranar farko na tura wa Lars nawa na ce bismilla, ya dubi burodina ya dubi nasa, ya ce, "Ai ina da nawa." Nama sai na shiga jirgin ƙasa zuwa Oslo, shagon wani Bapakistane mai suna Bashir, wanda a saman shagonsa ake sallar Juma'a. Mutumin kirki ne, yakan ƙara mini ƙashi kyauta, amma kullum layi ne a gabansa, kuma nisa bai bari na je sai jefi-jefi. Na koyi tuƙa tuwon semo da kaina, ina kaɗa miyar kuka da bandar Falmata ina cancana ta kamar magani.

Yanzu zan faɗi abin da Malam Kyari ke son ji, kuma gaskiya ce: ban taɓa jin daɗin aiki kamar a can ba. Ƙasar tana da mai kamar tamu, amma da tsada suke sayar wa kansu, wutarsu kuma daga ruwan duwatsu take zuwa, don haka rabin cibiyar lissafin ruwan sama da ƙanƙara suke yi don su san farashin wuta. Mu ɓangarenmu kasuwar mai ta ƙasashen Afirka aka ba mu. Lissafin da suka gina kafin in zo ya ɗauka duk man da aka sayar a ƙasa a cikinta ake ƙona shi. Aikina shi ne in huda masa iyaka, in koya wa kwamfuta cewa in farashi ya bambanta tsakanin maƙwabta, mai zai bi jarka da kwalekwale da bayan jaki ya tafi inda ya fi daraja. Kwamfuta ba ta mutuwa. Ka nemi littafi da safe, da yamma yana kan teburinka. Shugabanmu, Farfesa Olaf, kowa sunansa yake kira gatsal, ni dai bakina ya ƙi. Yakan shigo ya zauna a gefen tebur mu yi ta musu a kan lissafi ɗaya har a manta da burodi. Ranar da aikin ya fara ba da amsa mai ma'ana, Lars ya daɗe yana duban takardun, sannan ya ce, "Ya yi." Daga baya na gane a bakinsa wannan kirari ne.

A ofis ba ni da kaɗaici. Juma'a da yamma yake farawa. Kowa ya ɗaura katakon zamiya a kan mota ya nufi daji, wai suna da bukkoki a can, babu wuta babu famfo. Mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa, su ne ke tafiya neman duhu da ƙafarsu! Lahadi shaguna a rufe, titi wayam. Sai in yi daga Juma'a zuwa Litinin ban yi magana da ɗan Adam ba. Har na kama kaina ina gaida kaina a madubi, in ce "Wushe," gaisuwar mutanen garinmu, in amsa "Wushe, wushe," in juya da Larabcin gidanmu in tambayi kaina shanu. Ziyara a wurinsu sai an sa rana tun da nisa, an faɗi lokacin zuwa, kuma kowa ya san lokacin tashi. Duk da haka na ce wa kaina ai don ni kaɗai ne, in Falmata da yara suka zo gida zai cika. Har na aika mata ta fara neman fasfo.

Wata safiya Ingrid, sakatariyar cibiyar, ta leƙo ta ce ana kirana daga Najeriya. Na san ba lafiya ba, don a gidanmu babu waya, sai an je ofishin waya an bi layi. Ƙanena Umar ne, muryarsa na zuwa tana ɗaukewa.

"Yaya, sai haƙuri. Baba ya rasu."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce yaushe. Ashe har an yi uku, layi ne ya ƙi shiga. Ya ce Inna ta ce kada in taso a gigice, an riga an kai shi, in gama abin da ya kai ni in yi masa addu'a daga nan. Layin ya yanke ina riƙe da kan waya. Ingrid ta taɓa hannuna, idonta ya kawo ruwa. Farfesa ya fito ya ce in tafi gida in huta, Lars zai riƙe aikina. Ba shakka sun ji tausayina, na gani a fuskarsu.

To, sai na yi abin da na sani. Na biya shago na sayi ganyen shayi da sukari da kofuna da shinkafa mai yawa. Na je na tura tebur da kujeru jikin bango, na shimfiɗa barguna a ƙasa tunda babu tabarma. Na dafa shinkafa a babbar tukunya, na ɗora shayi. Na sa farar riga, na buɗe ƙofa na tokare ta da takalmi, na zauna ina fuskantarta da carbi a hannu. Ban ce wa kowa ya zo ba. Wa yake gayyatar mutane ta'aziyya? Kowa a cibiyar ya ji, kowa ya san gidana, har ina tunanin ko kofunan za su isa.

Ranar farko da la'asar na ji taku a matakala. Na gyara zama. Maƙwabciyata ce ta hawa na uku. Ta tsaya, ta ga ƙofa a buɗe, ta sa ƙafa ta ture takalmin ciki a hankali, ta ja mini ƙofar ta rufe don kada ɗumi ya fita. Na ji takunta ya ci gaba da hawa. Na tashi na sake buɗewa.

Rana ta biyu wani saurayi ya zo da furanni, da kati wanda duk ma'aikatan cibiyar suka sa hannu. Ɗan aike ne daga shagon furanni. Na kama hannunsa na ce ya shigo ya zauna ko kofi ɗaya ya sha. Ya tsorata, ya ce motarsa ba ta tsaya daidai ba, ya sauka da sauri. Na tsaya da furanni a hannu ban san abin da ake yi da su ba. A ƙarshe a bokitin wanka na sa su.

Rana ta uku har na ɗauko kwalbar turaren nan na tsaya a gaban murhu, na ce in na kunna ai dole su fito. Na ji kunyar Baba na mayar. Na yi tunanin shiga jirgi in tafi wurin Bashir, amma mai makoki ba ya bin mutane gida-gida, shi ake zuwa wa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kuka ya ƙi zuwa. A wajenmu mutane ne ke kawo maka mamacinka. Wannan ya zauna ya ce ya taɓa yi mini kaza, wancan ya ce ranar kaza mun yi faɗa da shi a kan bijimi, a yi fatiha, wani ya shigo a sake. A haka mutuwar take sauka a jikinka har ka yarda. Ni babu wanda ya ambaci sunan Baba a gabana, don haka a raina yana nan a zaure yana tari. Shinkafar nan ni na yi ta cinta har ta lalace na zubar.

Ba zan ɓoye ba, na tsane su a kwanakin nan. Na koma ofis, kowa ya yi mini murmushi mai taushi, babu wanda ya ce komai. Lars ya gama duk aikina na makon, ya jera a kan teburina. Na zauna ina kallon takardun, abin ya taso mini, na ce, "Lars, me na yi muku? Ubana ya mutu, na zauna kwana uku ƙofa a buɗe, ko mutum ɗaya."

Fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce, "Jira kake yi?"

Na ce, "Shinkafa na dafa muku."

Ya cire tabarau ya riƙe. Ya ce ranar da aka yi wayar sun taru a ofishin Farfesa, suka yi shawara cewa kada wanda ya kira ni ko ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, a bar ni da baƙin cikina. Ya ce shi da kansa ya zo har ƙasan benen sau biyu, ya ga fitilata a kunne, ya zauna a mota yana son hawowa, sai ya ga ba shi da hurumin kutsa kai. Lokacin da nasa uban ya mutu, bukkarsu ta daji ya tafi shi kaɗai, kuma babban alherin da aka yi masa shi ne da ya dawo babu wanda ya tambaye shi komai.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?" in ji shi.

Na ce, "Ba a faɗa."

Ya ce, "Mu kuma in ba a faɗa ba, ba a zuwa."

Fushina ya tafi, kuma abin da ya maye gurbinsa ya fi shi ciwo, don yanzu babu wanda zan ɗora wa laifi. Da aka tashi aiki Lars ya biyo ni gida. Ya cire takalmi, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kan bargo da ƙyar, ya karɓi shayi. Ya ce, "Me ake cewa?" Na ce ba sai ya ce komai ba, zaman ne. Ya zauna, Allah ya sani ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma har gobe ina ganin girmansa. Amma bai san Baba ba, ni kuma na kasa fara ba da labarinsa da Turanci.

Da ƙanƙara ta fara narkewa muka miƙa rahotonmu, aka yaba. Farfesa ya kira ni ya ce kujerar tawa ce, har gida sun duba mana kusa da makarantar yara. Na ce ya ba ni lokaci. Na yi ta yawo a bakin teku ina juya abin. Ba mutuwata nake tunani ba, ɗana nake tunani. In ya girma a nan zai zama mutumin kirki irin Lars, mai gaskiya, mai cika alkawari. Kuma ranar da abokinsa zai rasa uba, zai zauna a mota a ƙasan bene, yana ganin ƙauna ce. A wurinsu ƙaunar ce kuwa. Ni ne dai ba zan iya tarbiyyar yaro a kanta ba, kuma ba zan iya kawo Falmata, wadda gidanmu ba ya rabuwa da mata tun safe, in ajiye ta a bayan wannan ƙofa ba.

Na koma na ce wa Farfesa na gode, gida zan tafi. Ya ce, "Ka san a can ba za ka iya irin wannan aikin ba."

Na ce, "Na sani."

Kuma gaskiyarsa. Na taho da lissafin gaba ɗaya, kwamfutar jami'a ta kasa ɗaukarsa. Yanzu ina koyarwa, ina rubuta abin da fensir da haƙuri za su iya, ina aika wa Lars ya gwada mini a can, amsa ta zo bayan na manta tambayar. In wani tunani ya zo mini a kan farashin kananzir, babu wanda zan leƙa ofishinsa mu yi musu. Can ina da abokan aiki ba ni da mutane, nan ina da mutane, aikin ne ya zama ni kaɗai. Don haka Malam Kyari, in ka sami hanya ka tafi, ba zan hana ka ba. Ka dai san abin da za ka tarar.

Dawowa ba ta da labari, sai dai tun daga filin jirgin Kano aka fara tambayata gajiya. Na iso Fezzan da yamma. Inna ta rame, ta riƙe kaina ta yi addu'a. Zaure an share, an ɗauke buzun Baba. An yi arba'in tun tuni, gida ya koma harkarsa, yara na wasa, Umar na shirin kasuwa. Na ce a raina shi ke nan, na makara, haka zan riƙe abin nan a ƙirji har in mutu.

Washegari da hantsi wani tsoho ya yi sallama, yana dogara sanda. Alhaji Hamadi ne, wanda suka yi kiwo tare da Baba tun suna samari, kafin su shigo gari su kama dillanci. Ya ji na dawo ya zo. Muka gaisa, ya yi fatiha, ya ɗan zauna, ya miƙe ya sa takalmi. Har ya kai bakin zaure sai ya juyo.

"Ɗana, da labari ya same ka a can, wa ya zauna da kai?"

Na ce, "Babu kowa, Baba. Mutum ɗaya ne ya zo, shi ma bayan kwanakin sun wuce."

Sai ya sunkuya ya cire takalmin da ya sa, ya dawo ya zauna. Ya ɗaga murya ya kira Umar. "Kai, fasa kasuwar nan. Fito da tabarmi. A aika Kasuwar Shanu a faɗa musu ɗan Jidda bai yi makoki ba."

Kafin azahar layinmu ya cika. Dillalai da sandunansu, mahauta, direbobin tirela, mutanen unguwannin Gwange da Moduganari da ban taɓa gani ba, wasu ko riga ba su tsaya canzawa ba. Wani mai ido ɗaya ya durƙusa a gabana ya fara ba da labarin yadda Baba ya taɓa hana shi sayen wata saniya, ya zage shi tas a gaban mutane, bayan kwana kaɗan saniyar ta mutu a hannun wanda ya saya. Ya kwaikwayi muryar Baba, har da tarin. Mutane suka yi dariya. Ni kuwa sai abin ya ɓalle mini, na kifa kai a gwiwa ina kuka da ƙarfi kamar yaro, da digirina da furfurata.

Wani ya matso zai ce in yi haƙuri. Alhaji Hamadi ya tare shi da sanda.

"Ku bar shi," ya ce. "Shi yau aka yi masa rasuwa."